Yadda za ka shimfiɗa fiffike mai mita 11 a filin makaranta

Na daɗe ina koyar da kimiyya a ƙananan azuzuwan sakandare a nan Gombe. Ka rubuta “mita 11” a allo sau goma, yaro zai kwafa, ya haddace, ya ci jarrabawa da shi, amma ka tambaye shi ko mita 11 ta kai tsawon ajinsu, sai ya tsaya yana kallon rufi. Shi ya sa duk shekara, da an gama girbi kara ya bushe, nake fitar da ɗalibaina fili mu auna wata dabba da ƙafafunmu. Ga yadda nake yi, ko wani malami ko malama za su ɗauka su gyara.

Dabbar sunanta Quetzalcoatlus, ana furta shi kamar Ketsalkowatlas. Tana cikin dangin da masana ke kira terosa, dabbobi masu fiffiken fata da suka yi zamani da dainaso, wato dabbobin nan dangin kada da suka ƙare miliyoyin shekaru da suka wuce. A shekarar 1971 wani ɗalibin Jami'ar Teksas, Douglas Lawson, ya tsinci ƙasusuwan fiffikenta sun zama dutse a gandun Big Bend da ke jihar Teksas ta ƙasar Amurka, kuma a 1975 ya raɗa mata suna. Sunan daga wani abin bautar mutanen Aztek na Meksiko ne, maciji mai gashin tsuntsu. Akwai babba akwai ƙarama. Babbar, wadda za mu auna, cikakken sunanta Quetzalcoatlus northropi, don karrama Jack Northrop, mai ƙera jiragen sama. Ƙashin damtsenta kaɗai ya kai santimita 54. Da farko an yi zaton buɗin fukafukanta ya haura mita 15, amma yanzu yawancin masana sun tsaya a kan mita 10 zuwa 11, nauyi kuma kilo 200 zuwa 250, wato buhun siminti huɗu zuwa biyar.

Kafin a fita fili

Ka fara da shugaban makaranta. Ka gaya masa za a yi zane a ƙasa kuma za a haɗa ƙirar ƙasusuwa da kara. Akwai iyayen da ba su son a ce 'ya'yansu na yin mutum-mutumin abu mai rai, kuma wannan damuwa ce da ya kamata a girmama. Ni dai ƙashi da fiffike muke haɗawa, ba mu sa ido ba mu zana fuska, kuma darasin bai taɓa raguwa da komai ba don haka.

Kayan aiki ba su da wuya: tef ɗin magina (na tela ma zai yi, sai dai za a sha sunkuyo), igiya mai tsawo, fegi kamar ashirin, toka bokiti guda ko farar ƙasa, busasshen karan dawa, wayar ɗaurin rodi, takardar buhun siminti, sitaci, da reza ko ƙaramar wuƙa wadda za ta zauna a hannun malami kaɗai. Sai abu ɗaya daga kicin: fiffiken kaza da aka dafa aka cinye naman, aka wanke ƙashin aka shanya.

Mataki na farko: hannun yaro

Kada ka nuna hoto tukuna. Ka ce kowa ya miƙa hannunsa na dama. Su taɓa daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ƙashi ɗaya. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ƙashi biyu a jere. Sai ƙasusuwan tafi, sai yatsu. Ka zagaya da ƙashin kazar su gani: ɗaya, sannan biyu, sannan wasu ƙanana da suka manne da juna. Tsari ɗaya ne da nasu.

Daga nan ka yi tambaya: in za a mayar da wannan hannu fiffike, yaya za a yi? Hanya uku aka sani. Tsuntsu ya dunƙule yatsunsa, gashi ne ke tare masa iska. Jemage ya miƙar da yatsu huɗu dogaye, fata ta shimfiɗu a tsakaninsu kamar lema, babban yatsa kaɗai ya rage a waje yana maƙalewa da shi. Terosa kuwa yatsa ɗaya tak ya ɗauki aikin, na huɗu, wanda ake sa wa zobe. Yatsu uku na farko sun zauna ƙanana da faratansu, ƙaramin yatsa ya ɓace gaba ɗaya, na huɗun ya yi tsawo har ya kusa rabin fiffiken. Ka ce su naɗe ƙaramin yatsa, su ɗaga na zobe. A nan aji kan yi tsit. Wata yarinya ta taɓa ɗaga nata tana jujjuya shi, ta ce, “Malam, wannan ɗin ne ya fi ƙofar ajinmu tsawo?” Na ce shi ne, kuma yanzu za mu je mu auna.

A wannan gaɓa ce za ka gyara kurakurai biyu da yara ke kwasowa daga bidiyon waya. Terosa ba dainaso ba ce, 'yar uwarsu ce ta kusa. Kuma ba ita ce kakar tsuntsaye ba. Masana sun danganta tsuntsaye da wani reshe na dainaso, ita kuwa terosa ta ƙare ba ta bar zuriya ba.

Mataki na biyu: daga ɗigon fenareti zuwa layin raga

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma filin ƙwallo ya sauƙaƙa mana. A fili mai cikakken ma'auni, daga ɗigon bugun fenareti zuwa layin raga mita 11 ne. Duk yaron da ya taɓa tsayawa a raga ya san wannan tazara a jikinsa. Sai dai filayen makarantunmu da yawa da ido aka yanka su, don haka ka auna da tef ka tabbatar.

Ku yi shi da sassafe, kafin iskar hunturu ta tashi. Shekarar farko da rana tsaka muka zuba tokar, kafin mu gama fiffiken hagu iska ta share na dama. Tun daga nan nake sa a yayyafa wa ƙasa ruwa tukuna, a ja layi da tsinke, sannan a bi shi da toka.

Ka kafa fegi a ɗigon fenareti, wani a layin raga, a ja igiya tsakaninsu. Ka nemo tsakiya, mita 5 da rabi, ka kafa fegi. Nan ne ƙirjin dabbar. Daga tsakiya ka auna santimita 25 zuwa kowane gefe, kafaɗu ke nan. Daga kowace kafaɗa kuma, ka bi igiyar kana kafa fegi:

damtse, santimita 55
daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, santimita 90
ƙashin tafin hannu, santimita 130
yatsan fiffike, santimita 250

Awon damtse daga ƙashin da Lawson ya tono yake. Sauran awo ne na aiki da na daidaita don su cika mita 11, bisa fasalin ƙaramar 'yar uwarta. Dalili kuwa, abin da aka samu na babbar ɓangaren fiffike ne. A wannan yankin na Big Bend an tono ƙasusuwan wata ƙarama mai buɗin fiffike kamar mita 4 da rabi, har da kai da wuya da ƙafafu, wadda aka sa wa suna Quetzalcoatlus lawsoni a 2021. Da ita ake kwatanta sauran jikin babbar. Ka faɗa wa yara wannan a fili. Yana da kyau su san wane ɓangare ne aka riƙe da hannu, wane ne aka yi lissafinsa.

Ka tsaya a kan ƙashin tafin hannu, kada ka wuce shi da sauri. A jikin yaro bai fi tsawon yatsa ba, a nan kuwa ya ninka damtse fiye da sau biyu. A ƙarshensa, inda yatsan fiffike ya fara, ka zana ƙananan yatsu uku suna kallon gaba. In kana son zanen ya yi kama da mai rai, ka ɗan tura gwiwar hannu baya, wuyan hannu gaba. Tsinin fiffiken zai ɗan gaza kai wa fegin ƙarshe, ba komai, har yanzu kana cikin mita 10 zuwa 11.

Yanzu sai jiki, a gicciye da igiyar. Daga fegin tsakiya zuwa gaba, wuya mita 3, kai mita 2 da rabi, dogo mai tsini, ba haƙori ko ɗaya. Zuwa baya kuma, gangar jiki santimita 80 kacal, sai ƙafafu biyu, kowace mita 2 da 'yan kai. Wutsiya ɗan guntu ne, kada a ja ta. Yara kan yi gardama a nan, su ce an yi kuskure, ta yaya kai zai ninka jiki sau uku? Ka bar su su sake aunawa da kansu.

Layin ƙarshe shi ne gefen fatar. Ka ɗaura igiya a tsinin yatsan fiffike, ka kai ta idon sawun ƙafar wannan gefen, ka bar ta ta lanƙwasa ciki ta wajen jiki, sannan a bi ta da toka. Kada a zana wasu sanduna a cikin fatar, wannan fiffiken jemage ne. Akwai kuma 'yar ƙaramar fata a gaban hannu, daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, wadda wani siririn ƙashi ke riƙe da ita. Babu wata dabba da ke da irin wannan ƙashin sai terosa.

In an gama, ka jera yara su miƙa hannuwa suna taɓa yatsun juna daga tsini zuwa tsini. 'Yan aji ɗaya kan kai bakwai ko takwas. Ka sa ɗaya ya kwanta a cikin zanen kan. Sannan ka juya da su wajen raga: faɗinta mita 7.32, wato fiffiken raga ɗaya da rabi ne. Sandar sama tana mita 2.44 daga ƙasa, kusan nan kafaɗar dabbar take kaiwa in tana tsaye, kai kuma can sama wajen mita 5. Wanda ya taɓa ganin raƙumin dawa a gandun Sumu na jihar Bauchi ya ga irin tsayin.

Mataki na uku: ƙirar kara

Ma'aunin ɗaya bisa goma ne, kowace mita ta koma santimita 10. Ka bar yaran su yi rabon da kansu, lissafi ne kyauta: damtse 5 da rabi, na biye 9, tafi 13, yatsa 25, wuya 30, kai 25, gangar jiki 8, cinya 8, ƙauri 13. Ka raba su gida-gida, biyar ko shida, kowane gida da ƙirarsa.

Kara ya zama busasshe sarai. Ɗanye yana yanƙwanewa, gaɓoɓin su saki bayan kwana biyu. Damtse a zaɓa masa kara mafi kauri, domin a dabbar ma shi ne gajere kakkaura, inda naman tashi ke kamawa. Yatsan fiffike a yi shi da sille mai sirancewa. A zura waya ta cikin totuwar kowane yanki daga kafaɗa har tsini, kamar ana zura dutsen ado a zare, a bar ɗan sarari a kowace gaɓa don ta lanƙwasu. Yaran da suka saba ƙera motar kara sun fi malami iya wannan, ka sakar musu.

Sai tambayar da ta fi kowace daɗi: yaya take tsayawa a ƙasa? Yawanci za su tsayar da ita da ƙafa biyu kamar kaza, sai ta kifa, saboda nauyin wuya da kai. Ka bar ta ta kifa sau biyu ko uku. Sannan ka nuna musu: a sauke hannuwan ƙasa, ƙananan yatsu uku su taka, a naɗe dogon yatsan sama ya kwanta a gefen jiki. Nan take za ta tsaya da ƙafa huɗu. Sawun terosa da aka samu a kan duwatsu, har da na manya irin wannan a Koriya ta Kudu, sun nuna da huɗu suke tafiya. Dogon ƙashin tafin da muka tsaya a kansa a fili, ga amfaninsa: shi ya mayar da hannu doguwar ƙafar gaba.

Fatar a yanke ta daga takardar buhun siminti, a murtsuke ta sosai har ta yi laushi kamar tsumma, a manna da sitaci a jikin karan. Gida ɗaya ya bar tasa a buɗe a rataye ta da zare, sauran su naɗe. Jikin terosa yana da wani gashi-gashi gajere, an ga alamarsa a wasu da aka tono a Kazakistan da Sin, don haka wanda ya ga dama ya manna 'yar auduga a wuya da baya.

Tambayoyin da za su zo

“Malam, buhun siminti biyar ya tashi sama?” Ka ɗauko takarda biyu. Ɗaya ka tsayar da ita haka nan, ta faɗi. Ɗayar ka naɗe ta kamar bututu ka ɗaure, ka tsayar, ka ɗora littafi a kai, za ta ɗauka. Ka karya damtsen kazar su leƙa ramin cikinsa. Ƙasusuwan terosa haka suke, faɗi da yawa, bango siriri, ciki iska, da 'yan ƙananan tokare. Wannan ne ma ya sa samunsu ke wuya, ƙasa na danne su su farfashe kafin su zama dutse.

Yadda take barin ƙasa kuwa, masana sun rabu biyu. Michael Habib a 2008 ya ce da hannuwa take tunkuɗa ƙasa ta yi tsalle, domin ƙashin hannunta ya fi na ƙafa ƙarfi nesa ba kusa ba. Kevin Padian da abokan aikinsa a 2021 suka ce durƙusawa take ta tuma da ƙafafun baya sannan ta kaɗa fiffike. Ni hujjar farko ta fi kama hankalina, don naman da ke tashi da ita a sama shi ne zai cilla ta daga ƙasa, ba sai ta ɗauki nauyin manyan cinyoyi ba. Amma nakan kawo duka biyun, in sa yara su gwada da ƙirar su yi musu. Ka kuma gaya musu cewa a tsakiyar shekarun 1980 injiniya Paul MacCready ya ƙera kwatankwacinta mai fiffike mita 5 da rabi, da inji a ciki, ta kuma tashi tana kaɗa fukafukai.

“Me take ci?” Lawson ya yi zaton mushe take bi kamar ungulu. Wasu suka ce kifi take sura daga saman ruwa, amma inda aka tono ta yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga bakin tekun wancan zamani, kuma wuyanta ba mai saurin lanƙwasa ba ne. A 2008 Mark Witton da Darren Naish suka kawo bayanin da ya fi karɓuwa: takawa take a fili tana tsintar ƙananan dabbobi, kamar yadda shamuwa da burtu ke yi. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yaran ƙauye sun ga burtu yana takun ƙasaita a saura, ya tsaya, ya karkata kai, ya cafke ƙadangare ya haɗiye. Ka ce su ɗauki wannan takun su ɗora wa abu mai tsayin raƙumin dawa.

Mataki na ƙarshe: igiyar shekaru

In akwai sauran lokaci, ka koma fili. Mita ɗaya ta zama shekara miliyan ɗaya. Layin raga shi ne yau. Ka auna mita 66 ka kafa fegi: a nan ne wani dutse mai faɗin kamar kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meksiko, terosa suka ƙare tare da manyan dainaso. Quetzalcoatlus ta rayu ne a 'yan mitocin da ke bayan wannan fegin. Terosa na farko kuwa suna can wajen mita 220 da wani abu, sun fita daga filin, wataƙila ma sun tsallake katangar makaranta. Sai ka dawo da su layin raga. Duk tarihin da ɗan Adam ya rubuta, shekara 5,000, milimita 5 ne. Daga 1804 da Buba Yero ya kafa masarautar Gombe zuwa yau, kaurin takarda biyu.

Akwai fegin da ya shafe mu kai tsaye, ka kafa shi a 'yan taku bayan mita 90. A wancan lokaci teku ne ya rufe wannan yanki namu, wani hannun ruwa da ya ratso Sahara. Dutsen da ake haƙa a Ashaka, kusa da Bajoga, ana yin siminti da shi, a ƙarƙashin wannan tekun ya taru, kuma cike yake da bawon wasu halittun ruwa masu naɗi kamar ƙahon rago da suka zama dutse. Quetzalcoatlus ta Amurka ce, amma an tono wasu terosa a Maroko da Nijar. Takardar da muka yi fata da ita, in buhun Ashaka ne, abin da ta ƙunsa a da daga ƙasan wannan tekun ya fito. Kada dai ka kwashi yara zuwa ramin haƙa ba izini, wuri ne mai haɗari. Ka rubuta takarda ta hannun shugaban makaranta, ko ka nemi sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Jihar Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi su nuna wa yara samfuri.

Kafin a tashi, a ɗauki hoton zanen daga sama, daga bene ko kan wani abu mai tudu, da yara a jere a kan fiffiken, domin da an fita tara ƙafafu za su share shi. Ƙirar kara kuma kada a ajiye ta a ƙasa ko a jingine ta da bangon ƙasa, gara za ta cinye ta kafin hutu. A rataye ta da waya daga rufi, nesa da taga, a ɗaura mata 'yar takarda mai ɗauke da ma'auninta, ɗaya bisa goma, da sunayen 'yan gidan da suka haɗa ta.